Ta Fara Zanen Daga Cikin Gida: Nazarin Wani Aikin Gini a Sakkwato

Aikina ƙididdigar gini ne. Idan aka kawo mini zane, ni nake zama in lissafa bulo nawa, rodi nawa, siminti buhu nawa, in faɗa wa mai gida abin da aljihunsa zai ji tun kafin a haƙa tushe. Na yi aiki da masu zanen gine-gine da dama a Sakkwato, kuma cikin waɗanda muka yi hulɗa da su mace ɗaya ce take riƙe da ofishin kanta. Ba zan ambaci sunanta ba, haka ma mai gidan da zan ba da labarinsa. A wurin aiki birkiloli "Hajiya Injiniya" suke ce mata, duk da ta sha gaya musu ita ba injiniya ba ce. Ni zan kira ta Hajiya kawai.

A Zariya ta yi karatu, a Jami'ar Ahmadu Bello, inda sashen koyar da zanen gine-gine mafi daɗewa a Najeriya yake. Shekara 4 na digirin farko, 2 na digiri na biyu, sai bautar ƙasa, sai zama ƙarƙashin wani babba a Kaduna, kafin ta zauna jarrabawar ƙwararru ta sami rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine da dokar 1969 ta kafa. Sai mai wannan rajista doka ta yarda ya kira kansa akitek, wato ƙwararren mai zanen gini. Aure ya dawo da ita gida, ta kama ɗaki biyu a saman wasu shaguna a Mabera, ta sa kwamfuta biyu da 'yar sola, ta ɗauki wani yaro mai difloma yana taya ta zane. Hatiminta yana cikin durowa mai makulli, kuma na taɓa ganin an zo da kuɗi a ambulan ana roƙon ta buga shi a kan zanen da ba ta san inda aka yi shi ba. Ta mayar da ambulan ɗin.

Wanda take gasa da shi a garin nan ba wani akitek ba ne. Birkila ne mai zana ɗakuna da tsinin takalminsa a ƙasa, ko yaron da ya iya AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, ya kwafo zanen gidan wani, ya sauya lambar fili, ya karɓi ɗan abin da ya samu. Mutanenmu suna biyan kuɗin abin da za su iya ɗagawa da hannu. Siminti yana da nauyi, rodi yana da nauyi, takarda kuwa iska ma tana ɗaukarta.

A farkon daminar 2023 wani Alhaji ya hau benen ofishinta. Ɗan kasuwa ne, yana harkar albasa da hatsi ta iyakar Illela zuwa Ƙwanni, kuma aminin mahaifinta ne tun suna samari. Ya sayi fili mai ƙafa 100 tsawo, 100 faɗi a Arkilla, fuskarsa tana kallon yamma, wajen titi. Ya zaro waya ya nuna mata hoton wani bene na Abuja, gabansa duk gilashi, da dogayen ginshiƙai, da rufi mai tsini kamar zai taɓa sama.

"Ɗiyata, wanga nika so. Ki yi mani irinai."

Ta karɓi wayar da hannu biyu ta duba. Sai ta tambaye shi su wa za su zauna a gidan. Ya ce shi, da matansa biyu, da yara fiye da goma, da mahaifiyarsa. Ta ce, "Baba Alhaji, ina neman izini in shiga cikin gida in zauna da su Inna kafin in ja layi ko ɗaya."

Ya ce, "Mi mata sunka sani ga gini?" Amma ya ba ta izinin, don ba ya iya hana ɗiyar amininsa gaida iyalinsa.

A ganina duk aikin a nan ya ta'allaƙa. Na yi shekaru ina zama da masu gida ana tsara gidaje, kuma kullum a zaure ko a shago ake yi, maza zalla. Namiji akitek, komai ƙwarewarsa, iyakarsa bakin ƙofar da aka rubuta "ba shiga". Abin da ya sani game da cikin gida, daga bakin maigida ya ji shi, maigida kuwa da safe yake fita sai dare. Waɗanda suke wuni a gidan, su yi girki a ciki, su yi wanki, su yi jego, su yi jinya, ba a taɓa tambayarsu ina ya kamata taga ta kalla.

Sau uku ta je tsohon gidan, can cikin gari. Zuwan farko gaisuwa ce kawai. A na biyu ta wuni. Ta tarar da uwargida a tsakar gida gaban murhun icce, da ƙatuwar tukunya, tana tuƙa tuwon mutum sama da ashirin, ga almajirai suna jira da kwanoninsu a ƙofa. Akwai murhun gas a ɗaki, amma shayi da abincin Alhaji kaɗai ake ɗorawa a kai. A hoton nan na Abuja kicin ɗaya ne, a tsakiyar gida, shafe da tayil, ba inda hayaƙi zai bi, ba inda za a kafa turmi. Amarya kuma tana sana'ar zoɓo da kunun aya, tana da firiza biyu, yaran unguwa suna shigowa saye tun hantsi, suna ratsa shanyar kayan mata.

A zuwa na uku ne aka faɗa mata abin da ba a faɗa wa namiji. Kowace ta ja ta gefe. Damuwar ɗaya ita ce ranar girkinta sai ta bi ta ƙofar ɗakin abokiyar zamanta kafin ta kai turaka, da kwanon abinci a hannu, ana kallonta. Damuwar ɗayar kuma, ɗakinta na yanzu shi yake shan ranar yamma, ta kuma daɗe tana ganin an fifita wata a kanta, alhali tsarin ginin ne kawai ya zo da haka. Hajiya ta ce mini a ranar ta gane cewa adalcin da addini ya ɗora wa mai mata biyu yana da rabonsa a cikin awon ɗaki da inda rana take faɗuwa.

Inna, mahaifiyar Alhaji, gwiwa ta hana ta hawa ko matakala uku. Da bazara a waje take kwana kan gadon ƙarfe. Ta kama hannun Hajiya ta ce, "Jikata, ɗakin bulo da kwano tanderu na. In kina son albarkata, ki yi mani na ƙasa."

Zanen da ya fito bayan mako shida bai yi kama da hoton waya ba. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma bangon gabas da na yamma su suka fi shan rana, musamman na yamma da yake karɓarta lokacin da iska kanta ta riga ta gasu. Don haka ta shimfiɗa sassan matan biyu a tsawon gabas zuwa yamma, ɗaya a arewacin tsakar gida, ɗaya a kudanci, suna fuskantar juna, kowane da baranda mai zurfi. Awonsu ɗaya har inci, tagoginsu ɗaya. A nan garin, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma kudu, saboda haka ba sashen da zai dawwama cikin rana ɗayan yana inuwa. Kowace ta sami hanyarta zuwa turaka ba tare da ta gifta ƙofar 'yar'uwarta ba. Ta sa madafar icce a buɗe, da rumfa da wurin turmi da sito, a kusurwar kudu maso yamma, domin iskar hunturu da take busowa daga arewa maso gabas ta kwashe hayaƙin waje maimakon ta tura shi ɗakuna. Amarya ta sami 'yar taga ta sayar da kaya a jikin katangar lungu. Bangon gabas ta rage masa tagogi ta kuma ƙara masa kariya, don magina na da sun san hadarin damina daga gabas yake tasowa da ruwa mai duka. Ban-ɗakuna duka ta jera su yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba, alƙiblarmu kuwa gabas ce da ɗan karkata arewa. Ta mayar da zaure, wanda yawancin sababbin gidaje suka yar, ta sa ɗakin Inna kusa da shi a ƙasa, babu matakala ko ɗaya.

Da Alhaji ya ga zanen ransa ya ɓaci. "Ina gilashin? Wanga ai gidan kakana na kinka zana." Ba ta yi musu da shi ba. Ta roƙe shi su haɗu a filin bayan la'asar, ta ce ya ɗora tafin hannunsa a bangon yamma na katangar maƙwabci. Ya ɗora, ya janye da sauri. Duk da haka bai sauka gaba ɗaya ba. Ya ce cikin gida ta yi yadda ta ga dama, amma falonsa na sama, mai kallon titi, sai an sa masa gilashi daga ƙasa har sama, don a nan zai karɓi baƙi, nan ne kuma mutane za su gani. Ta nemi a yi baranda a gabansa ya yarda. Ta nemi a kare shi da bulo mai huda ya ƙi, ya ce mene ne amfanin gilashin da ba a gani. Ranar yamma ƙasa-ƙasa take zuwa, tana bi ta ƙarƙashin kowace baranda. Ta san haka, ta faɗa masa, ta kuma rubuta masa. Ni na ba ta shawarar ta bar masa falon don ta tsira da cikin gida, kuma har yau ina ganin da ta ja da shi a nan, da ya kwashi aikin ya kai wa mai kwafe.

Maganar ɗakin ƙasa ta fi zafi. Ta nuna masa hotunan Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse a inji, aka kammala a 2018. Ta gaya masa masallacin Yama, shi ma a Tawa, na ƙasa ne, ya kuma ci lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1986. Alhaji ya ce, "Na hito gidan ƙasa da gumin ubana da nawa, ki maishe ni ciki?" Na fahimce shi sarai. A wurin wanda ya tashi yana yaɓe kowace shekara, yana tare ɗigar rufi da kwano, bulon siminti shaida ce ta cewa Allah ya buɗa masa. Inna ce ta raba gardamar. Ta aika aka kira shi, abin da suka yi magana a kai ba wanda ya ji, washegari ya ce a yi wa tsohuwa abin da take so, ɗakinta da zaure kaɗai.

Aka samo jar ƙasa, aka tankaɗe, aka haɗa da ɗan siminti, kamar kashi ɗaya cikin ashirin, aka matse a injin hannu, aka lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa har ya yi ƙwari. Ta ɗora bangon a kan tushen kankare da ya ɗago daga ƙasa, ta ba shi kauri, ta zurfafa bakin rufi don ruwa kada ya dake shi. Bango mai kauri irin wannan yana jinkirta zafi, kafin ya ratso ciki rana ta faɗi. Amma in faɗi gaskiyar lissafina: bai zo da arha ba. Ɗauko injin daga nesa da koya wa lebura aikin, don ɗaki biyu kacal, ya cinye duk rangwamen da ake sa rai. Da gidan duka aka yi da shi, da lissafin ya sauya.

Hukumar tsara birane ta jiha ta amince da zanen, da hatiminta da na injiniyan da ya lissafa ƙarfin benen, mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi. Aka haƙa tushe bayan damina. Shugaban birkilolin dattijo ne da ya fi shekara talatin yana gini. Watanni biyu na farko, in tana tsaye gabansa, yaronta yake juyawa ya tambaya. Yaron ya juyo ya tambaye ta, ta amsa, yaron ya maimaita. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. "Baba" take ce masa, in ta ga kuskure sai ta ja shi gefe inda lebura ba sa ji. Tana isa wurin aiki bayan ta sauke yaranta a makaranta, da hijabinta da takalmin roba mai kauri, kuma na san akwai masu cewa me matar aure take yi cikin ƙarti. Maigidanta ne ya tsaya mata a wannan, wani lokaci ma shi yake kawo ta.

Sai abubuwa biyu suka haɗu a kan Alhaji. An rufe iyakar Najeriya da Nijar tun Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kasuwarsa ta tsaya cik. A farkon 2024 kuma buhun siminti, da ake saye wajen naira 5,000 watanni kaɗan kafin nan, ya haura 10,000 a kasuwanni da yawa, har da nan da muke da kamfanin siminti a Kalambaina. Wannan ya zo daidai lokacin zuba dakin, wato shimfiɗar kankaren da benen zai zauna a kai, inda gini ya fi cin siminti da rodi.

An sa ranar zubi cikin azumi, za a fara da an idar da asuba don a gama kafin rana ta yi ƙarfi. An ɗauko injin kwaɓa kankare, an biya tankar ruwa, lebura sun jeru da kwanon sarki. Hajiya ta iso gari bai gama wayewa ba, ta tattare hijabinta ta hau tsanin katako. Ina ƙasa ina kallonta ta durƙusa kan rodin da aka saƙa, ta zaro tef. Inda zane ya ce rodi mai milimita 12, an sa mai 10. Tazarar da ke tsakaninsu ma an buɗa ta. Wani ne ya je wa Alhaji da shawarar cewa haka kowa yake yi, masu takarda ne kawai suke son ɓarnar kuɗi.

Ta sauko ta ce a kashe injin.

Wurin ya yi tsit, sannan hayaniya ta tashi. Lebura suna azumi, sun fito don kuɗin yini. Dattijon birkila ya ce shi ya zuba dakin da ya fi wannan girma tun ba a haife ta ba. Aka kira Alhaji a waya, ta karɓa, ina jin abin da take cewa: "Baba, ɗiyanka za su kwana ƙarƙashin wanga dakin. In an zuba shi haka, yau zan rubuta in janye hannuna, injiniya ma zai janye nashi." Muryarta tana rawa amma ba ta sauya magana ba. Ta sa a biya lebura rabin yini daga jakarta, kuɗin da ba a taɓa mayar mata ba. Bayan kwana huɗu aka kwance rodin aka saƙa sabo. Dattijon da kansa ya riƙe mata bakin tef ranar da ta dawo dubawa, daga ranar kuma ita yake tambaya kai tsaye.

Kuɗin da aka so a rage daga rodi, ni da ita muka zauna muka nemo shi a wani wuri. Muka cire dogayen ginshiƙan ado, muka sauke tsinin rufi, don ruwan da muke samu a shekara bai kai a yi masa rufin kudu ba, dogon rufi kuwa katako da kwano yake ci, iskar farkon damina kuma shi take fara yayewa. Muka bar tayil na waje muka koma na gida, muka ɗage ɗakunan samari zuwa wani lokaci. Abin da ta ƙi taɓawa shi ne tsawon silin da ƙananan ramukan iska da ta bari a saman bango da ƙarƙashin rufi, inda zafi yake fita.

Nata kuɗin fa? A nan ne ta yi kuskuren da ita da kanta ta amsa. Akwai ma'aunin ladan ƙwararru da gwamnatin tarayya ta fitar a 1996, wanda yake yanka wa akitek kaso daga kuɗin ginin, amma ban taɓa ganin mai gidan kansa a garin nan ya biya shi cikakke ba. Ita ko rubutu ba su yi ba, don ta ji nauyin miƙa wa aminin mahaifinta takarda ya sa hannu. Baki da baki suka yi magana. Ya ba ta wani abu da farko ya ce na goro, ya ƙara wani bayan an amince da zane. Duba aiki kuwa ba a yanka masa komai ba, ga shi ta yi fiye da shekara tana zuwa Arkilla sau biyu a mako, bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023. Da na taya ta lissafi, man mota da albashin yaronta da buga manyan takardu sun cinye mafi yawan abin da ta karɓa. Kashi ɗaya cikin uku na abin da suka yi magana bai fito ba. Da ta so ta tuna masa, mahaifiyarta ta ce kul, ba a bin uba bashi.

Sun tare kafin azumin 2025. Na je a watan Afrilu da azahar, iyakata zaure da falon sama da ɗakin Inna, wadda ta ce in shigo. Falon sama labulensa a sauke, mai kauri, na'urar sanyaya ɗaki tana jiran wuta. Ɗakin Inna kuwa fanka ma ba a kunna ba, tana zaune kan tabarma da jikoki huɗu suna barci a gefenta. A inda bangon ƙasa ya haɗu da na bulo wata tsaga ta fito tun daga sama har ƙasa, don kayan biyu ba tafiyarsu ɗaya ba in sun sha zafi da sanyi, ita kuma ba ta bar musu tsakani ba. Ta ce laifinta ne, ta kawo mai gyara da kuɗinta. Abin da ke can ciki ban gani ba, sai abin da ya biyo baya. An yi suna a gidan, mata suka cika tsakar gida, suka ga madafa, suka ga tagar amarya. Cikin wata biyu aiki biyu suka zo ofishin Mabera, ɗaya na wata mai takaba da ta fita tana son gyara gidan marayunta, ɗaya na azuzuwan wata Islamiyya ta matan aure. Duka biyun mata ne suka yi mata hanya.

Yanzu tana da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda take karanta wa duk wanda ya zo, ko kawunta ne. Biya kashi uku ne, kowane kafin a shiga mataki na gaba, duba aiki kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Abu na farko a jerin ayyukan da ta rubuta za ta yi shi ne zama da matan gida.

Da babbar sallah Alhaji ya aiko mata da rago, babba, da saƙon cewa Inna tana sa mata albarka. Ta je har gida ta yi godiya. A littafin ofis, gaban sunansa, ragowar kuɗin tana nan yadda take. Ba ta soke ta ba, ba ta kuma aika masa da takarda ba.